Idan an dawo da wuta, wa zai tashe ta?

Jama'a, ni a wurina gwanintar mai kula da kwamfutar Linux ba ta bayyana sai an ɗauke wuta an dawo da ita, abin da kuwa ba baƙo ba ne a wajenmu. Tun 2015 Debian da Ubuntu, waɗanda nau'o'in Linux ne, suka koma kan systemd, shirin da ke fara tashi da lamba 1, sannan ya tashi sauran masu aiki a bayan fage. Yaranmu da yawa sukan buga wa systemd umarnin systemctl start, manhaja ta kama aiki, su tattara jaka su tafi gida. To ai wannan na yau ne kawai. Sai an buga systemctl enable sannan za ta tashi da kanta duk lokacin da aka kunna na'ura. Buga start kaɗai kamar ɗaukar maigadi ne ba ka gaya masa gobe ma ya zo ba. Akwai kuma layi guda, Restart=on-failure, da ake sakawa a fayil ɗin manhajar, wanda ke ɗaga ta idan ta faɗi tsakar dare. Duk wanda ya haɗa maka irin wannan kwamfuta, kada ka sallame shi sai ya kashe ta ya kunna a gabanka.