Katin bashi: karanta cajin kafin ka sa hannu

Masu sarin kaya a Dubai da Guangzhou, bari mu duba katin bashi. Katin ATM da muka saba da shi kuɗinka kake cira. Wannan kuwa kuɗin banki ne, kuma banki ba ya ba da rance don Allah.

Yawancin katunan suna da kuɗin shekara, ko ka yi amfani da su ko suna kwance a aljihu. Sai kuɗin ruwa. Idan ka biya duk bashin kafin ranar da aka yanka maka, galibi babu ruwa a kan sayayya. Idan ka biya ɗan mafi ƙarancin da suka rubuta kawai, ragowar za ta fara haihuwa. Mu ƙaddara ruwan kashi 3 cikin 100 ne a wata: bashin sefa 1,000,000 zai ci 30,000 duk wata, uwar kuɗin tana nan. To, kaya nawa za ka sayar kafin ka fanshe wannan? In ranar biya ta wuce kuma, ga tara.

Cire tsabar kuɗi da katin ya fi kowanne ciwo. Akwai caji nan take, ruwa kuma yakan fara hawa tun ranar.

Mu da ke tsallaka iyaka, cajin canji ne ya fi shafar mu. Sefar Yamai da ta Duwala darajarsu ɗaya, 655.957 a kan yuro guda, amma kuɗi biyu ne daban, don haka ka tambaya ko za a caje ka. A Dubai, idan POS ya ba ka zaɓi, ka biya da dirhami, domin canjin na'urar yakan fi tsada.

Shawarata, Alhaji, ka nemi takardar caje-cajen a rubuce, ka kai gida, yaronka mai boko ya karanta maka layi-layi. Ka je wurin malami kan hukuncin ruwan tun kafin ka cike fom. Uwargida ma ta san da bashin, don in ya yi nauyi tukunyarta zai fara taɓawa. Wanda ba shi da tabbacin biya duka a kowane wata, gara ya tsaya a kan katinsa na ATM.

Allah ya sa albarka a kasuwa.