Tun Ran Gini Ran Zane: Darasin Masu Wankin Mumbai a Kan Warin Safa

Duk wanda ya tsaya a kan gadar da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Mahalaxmi a birnin Mumbai na Indiya, ya leƙa ƙasa, zai ga wani makeken fili da ba ya rabuwa da ruwa da kumfa tun daga asuba. Shi ne Dhobi Ghat, filin wankin da aka gina a 1890, zamanin da Turawan Ingila ke mulkin ƙasar, birnin kuma ana ce masa Bombay. Ɗaruruwan kwamaye na siminti ne a jere, kowane da dutsen da ake buga tufafi a kansa. Sama da su igiyoyin shanya ne iya ganinka, an murɗe su biyu-biyu, ta yadda mai shanya zai cusa gefen riga tsakanin murɗin ta tsaya ba tare da abin maƙalewa ba. A 2011 wurin ya shiga kundin bajinta na Guinness, bayan mutum 496 sun yi wanki da hannu a lokaci guda.

Kayan da ake wankewa a nan daga ko'ina suke zuwa: zannuwan gadon otal, fararen kayan asibiti, kayan masu ɗinka tufafi, da ƙullin wankin gidaje. Ba a wanke kayan kowa daban. Kwance ƙullin ake yi, a tara farare wuri guda, masu launi wuri guda, wanduna nan, riguna can. A jiƙa, a buga, a ɗauraye, a sa sitati a wanda ke bukata, a shanya, a goge. Rigar wannan gida ta wuni cikin ruwa ɗaya da rigar mutanen da ba su taɓa sanin juna ba. Duk da haka abin da aka san masu wankin nan da shi shi ne, da wuya kaya su ɓata ko su sauka a gidan da ba nasu ba.

Sirrin yana cikin wata 'yar alama da mai kayan kansa ba lallai ya lura da ita ba. Kafin tufa ta taɓa ruwa, mai wanki zai yi mata shaida a ɓoyayyen wuri, cikin wuyan riga ko ƙugun wando: ɗigo-ɗigo, 'yan layuka, ko wasu alamomi da shi da abokan aikinsa suka san ma'anarsu. Da yawa daga cikin magabatansu ba su yi karatun boko ba, amma sun riƙe wannan rubutu nasu ba kuskure. A gidaje da dama kuma akwai ɗan littafin wanki, inda uwargida ke ƙirga kaya a gaban mai wanki ranar ɗauka, a sake ƙirgawa ranar dawowa. Saboda an yi wannan aikin tun a bakin ƙofa, cakuɗuwar da ke biyo baya ba ta da wata illa. Idan an gama guga, alamar ce ke mayar da kowace riga cikin ƙullinta.

Tawadar da suka daɗe suna amfani da ita daga 'ya'yan wata bishiya ce, 'yar uwar kashu, mai baƙin ruwan da ba ya fita da wanki. Wanda ya tashi inda ake da kashu ya san yadda ruwan ƙwallonsa ke ƙona fata, har yara kan zana sunansu da shi a hannu. Haka wannan ma. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka da ke Indiya sun yi ta fama da ƙuraje da ƙaiƙayi a bayan wuya da ƙugu, daidai inda alamar mai wanki ke gugar jiki, har likitocinsu suka yi rubutu a kai a 1943. Wannan ma abin lura ne: alamar da za ta daɗe ake so, amma ba wadda za ta cutar da mai sanyawa ba.

Yanzu a duba wani gefen. A 2016 kamfanin Samsung ya ɗauki nauyin wani bincike a Birtaniya, aka tambayi mutum 2,000, aka ƙiyasta cewa mutum guda kan rasa warin safa kusan 15 a shekara. Tallar sabon injin wanki ce ta kawo binciken, amma dalilan da aka lissafa kowa ya san su: safa ta faɗa bayan kujera ko ƙarƙashin gado, wari ɗaya ya shiga wankin yau ɗayan ya jira na gobe, iska ta ɗauke ɗaya daga igiya, ko an haɗa ta da wadda ba tata ba. Gida mai mutum huɗu da injin wanki yana zubar da abin da filin da ke wanke kayan dubban mutane da hannu ba ya zubarwa. Bambancin ba na kayan aiki ba ne. Masu wankin Mumbai suna tsara kaya kafin wanki, mu kuwa sai bayan an kwaso shanya muke zama neman wace ce ta wa.

A gidajenmu abin ya fi haka nauyi. Gida mai yara bakwai ko goma, wani lokacin ɗakuna biyu ko uku, duk 'yan makaranta, kuma makarantar ta ce farar safa kowa zai sa. Ga hunturu, lokacin da tsoho da jariri duk sai da safa saboda sanyi da faso. Wanki ɗaya kan tara farare masu kama da juna, bambancinsu ɗan tsawo ne kawai. Safiyar Litinin sai a ji, "Umma, ban ga warin safata ba." Ita kuma tana tsakanin ɗumame da shirya ƙanana, ta ce, "Ina ka cire ta?" Yaro ya yi shiru, don shi ma bai sani ba. Ƙarshenta a tafi makaranta a makare, ko da safa gajera da doguwa, ko a sa ta ƙani a buɗa mata baki. Uba kuma ya sake sayen sababbi, alhali ga tsofaffi cike da leda, kowace ba ta da 'yar uwa. Kuɗi ne ke zuba a hankali, kuma ɓacin rai ne da ake buɗe yini da shi.

Abu na farko da za a ɗauko daga Mumbai shi ne shaida, kuma ranar da aka sayo safa ake yinta, tun ba a sa ba. Zare da allura sun wadatar. A ba kowane yaro launinsa, a yi ɗan ɗinki a saman yatsu ko a bakin safar, inda ba zai dami ƙafa ba. Zare ya fi biro, don tawadar biro tana dushewa bayan wanki kaɗan, wani lokacin ta zuba ta ɓata farin. Ga gidan da ƙanne ke gadar kayan yayye akwai hanyar da ta fi: babba ɗigo ɗaya, mai bi masa biyu, na uku uku. Ranar da safa ta yi wa babba kaɗan, sai a ƙara ɗigo ɗaya ta koma ta mai bi masa, ba sai an warware komai ba. Yaron da bai iya karatu ba ma ya iya ƙirga ɗigonsa. Iyayen da suka taɓa kai ɗa makarantar kwana sun san wannan, don ba wanda ke kai yaro can da kaya ba suna. Abin da aka yarda yana da amfani a ɗakin kwanan ɗalibai, yana da amfani a tsakar gida.

Na biyu, ƙulli. Kowane gida da ƙullinsa yake isa hannun mai wanki, da shi kuma yake komawa. A gida, kowane yaro ya samu 'yar jakar raga mai zugewa, a rataye ta kusa da inda ake cire takalma. Tela zai iya fitar da jakunkuna da yawa daga tsohon gidan sauro guda. Mai injin wanki sai ya jefa jakar yadda take, ruwa da sabulu su ratsa ta. Mai wankin hannu kuma ya juye jaka ɗaya a baho, ya gama da ita kafin ya buɗe ta gaba. Abin da bai kamata ba shi ne a dunƙule safa biyu a jefa su ruwa a haka: ta ciki ba za ta fita ba, ba za ta bushe da wuri ba, robar bakin ta waje kuma za ta saki.

Na uku, ƙirga a shiga, ƙirga a fita. Idan warin safa shida suka shiga baho, shida za su hau igiya, kowace kusa da 'yar uwarta. Idan biyar aka gani, a lokacin ake dubawa, tun tana cikin ƙafar wando ko ƙasan bokiti, ba bayan kwana uku ba. Wadda duk da haka ta fito ita kaɗai, a ba ta wuri guda sananne, ɗan kwando ko leda a jikin ƙusa, a riƙa dubawa duk ranar wanki. In an yi wata biyu 'yar uwarta ba ta fito ba, ta koma tsumman goge takalmi. Wajen saye kuma, gara a sayo wa yaro ƙafa uku ko huɗu iri ɗaya sak, ta yadda in ɗaya ta ɓata ko ta huje, sauran za su auri juna.

Sai dai akwai inda gida ya bambanta da Dhobi Ghat. Can sana'a ce. Mai wanki ya san in rigar mutum ta ɓata, amanarsa ce ta taɓu, abincinsa kuma ya taɓu. Shi ya sa mutumin da ya wuni tsaye cikin ruwan sabulu, a sana'ar da al'ummarsa ta daɗe tana yi wa kallon raini, ba ya wasa da ɗigo ɗaya. A gida ba wanda ake biya, kuma aikin da ba a damƙa wa kowa ba, kan uwa yake faɗawa, ko kan babbar 'ya mace. In aka kawo zare da jaka da kwando aka ɗora mata su duka, an ƙara mata aiki ne da sunan tsari. Dole a raba. Ɗinka shaida na manya ne, sau ɗaya. Zuge jaka da kai ta wurin wanki na mai jakar ne. Haɗa busassun safa biyu-biyu aikin ɗan shekara huɗu ne, yana yi yana koyon launi da ƙirga. Maigida ma yana ciki, don yaro ba zai sa safarsa a jaka ba muddin yana ganin ta Baba a cikin takalmi ko bayan ƙofa.

Lokaci ɗaya ne kawai warin safa biyu ke haɗuwa a hannun mutum ɗaya ba tare da an nema ba, wato lokacin da ya cire su. A nan aikin bai wuce ƙiftawar ido ba. In ya wuce nan, ya zama neman da wani zai yi a durƙushe ƙarƙashin gado da safe. Don haka a ɗora nauyin a kan wanda ya cire, babba ne ko yaro, a kuma fara koya masa tun ranar da ya iya cire takalminsa da kansa.