Ɓarnar ruwa iri biyu ce: abin da takardar inshorar gida ke nufi a Garwa

A shekarar 2012, Kogin Binuwai ya cika ya batse, aka saki ruwa daga madatsar Lagdo, gidaje da gonaki suka nutse a Garwa da kewayenta. A 2022 da 2024 ma ambaliya ta raba dubban mutane da matsugunansu a yankin Yagwa, a jihar Arewa Mai Nisa. Duk wanda ya ga irin wannan, yana iya ɗauka cewa inshorar gida ce mafita. Ina ganin tana da amfani ƙwarai, amma ga wanda ya fahimci abin da ya sa wa hannu.

Bahaushe kan ce “ɓarnar ruwa”, ya haɗa komai a ciki. Takardar inshora kuwa ta raba ta biyu. Akwai ruwan da ya fito daga cikin gida, kamar bututun da ya fashe, wanda ake kira dégâts des eaux da Faransanci. Akwai kuma ambaliya, wato inondation, ruwan kogi ko na sama da ya malalo daga waje. Na farkon yakan shiga inshorar gida ta yau da kullum, tare da gobara da sata. Na biyun galibi ba ya shiga sai an rubuta shi, an kuma ƙara kuɗi. A Faransa, dokar 1982 ta cusa irin waɗannan bala'o'i cikin inshorar gida kai-tsaye. A Amurka kuwa daban ake sayen inshorar ambaliya. Don haka kada mai gida a Garwa ya dogara da zato, ya nemi a nuna masa kalmar a rubuce.

Kamaru tana bin kundin dokokin CIMA, wanda aka sa hannu kan yarjejeniyarsa a Yawunde a 1992, ya fara aiki a 1995, kuma Nijar ma tana ciki. Sashe na 13 ya nuna cewa inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. Sashe na 12 ya wajabta sanar da kamfani asara cikin wa'adin da aka rubuta, wanda ba zai gaza kwana 5 na aiki ba, amma na sata awa 48 ne. Sashe na 38 ya cire asarar yaƙi da tarzoma, sai in an yi yarjejeniya ta daban. Sashe na 35 shi ne mai ba mutane mamaki: idan gidanka ya kai sefa miliyan 20, ka rubuta miliyan 10 don rage kuɗin da za ka biya, sai gobara ta yi ɓarnar miliyan 6, miliyan 3 kaɗai za a ba ka. Araha ba ta ado.

Wani zai ce ai doka ta kare mai gida, tunda sashe na 8 ya ce duk abin da aka cire dole a rubuta shi da haruffa masu fitowa sarai. Gaskiya ne. Sai dai sashe na 7 ya ce da harshen hukuma ake rubuta yarjejeniyar, wato Faransanci ko Ingilishi a Kamaru, alhali Fulatanci da Hausa ake ciniki da su a kasuwar Garwa. Girman harafi ba ya amfanar wanda bai san harshen ba. Masu ƙyamar inshora saboda addini ma suna da abin dubawa, domin CIMA ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2019, amma shi ma takaful yana da jerin abubuwan da ba ya biya.

Ra'ayina shi ne kamfanoni su riƙa haɗa kowace yarjejeniya da taƙaitaccen bayani na shafi guda cikin Hausa da Fulatanci, su fara da abin da ba za su biya ba. Wannan aiki ne da ɗaliban harshe za su iya yi, muddin suka kiyaye bambancin yoyo da ambaliya, da na diyya da tallafi. Kafin a kai ga haka, mai gida ya sa a karanta masa takardar baki ɗaya, ya tambayi ko ambaliya tana ciki, ko ginin ƙasa ya shiga, da kuma nawa za a cire daga diyyar kafin a biya shi.