Kaskon Wuta A Rufaffen Ɗaki

Bara, wajen ƙarshen watan Fabrairu, kowa a garinmu ya ɗauka hunturu ya wuce. Mata sun wanke barguna sun ninke, itacen da aka tara tun kaka kuma ya ƙare. Ran nan sai hazo ya sake rufe gari, da dare ya yi sanyi ya komo kamar ba a taɓa yinsa ba. Kakata ta sa aka zuba mata gawayi a kasko aka shigar ɗaki, ta rufe ƙofa, ta toshe taga da tsumma, ta kwanta tare da jikokinta biyu. Da asuba ba a ji motsinta ba. Ko da mahaifina ya ɓalle ƙofar, sai ya tarar ba mai iya tashi a cikinsu, yaran suna ta amai. Allah dai ya sa da sauran kwanansu a gaba.

Da na je hutu aka ba ni labari, wai maƙwabta sun ce iska ce ta buge su. Likita kuwa ya ce lalle iska ce, amma ba ta aljannu ba. Malaminmu na kimiyya ya ƙara mini bayani. Duk lokacin da gawayi ko itace ke ci a inda iska ba ta isa ba, yakan fitar da wata guba mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga jiki tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 ko fiye. Mutum ya fara jin ciwon kai da jiri, daga nan sai barci mai nauyi, wani ma ba ya farkawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 3.2 ne suka mutu saboda gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda yawancinta daga hayaƙin girki da jin ɗumi take.

To, ba mu kaɗai ne sanyi ke yi wa irin wannan kome ba. A ƙasashen Turai, bayan ƙanƙara ta narke itatuwa sun yi toho, sanyi yakan juyo a watan Afrilu ko Mayu. Jamusawa har suna da suna ga kwanakin 11 zuwa 15 ga Mayu, suna kiransu waliyyan ƙanƙara, masu lambu kuma ba sa son dasa shuka mai rauni sai sun wuce. A Afrilun 2021 irin wannan sanyi ya auka wa Faransa, manoman inabi suka kwana suna kunna wuta a gonaki don kada tohon ya daskare. A irin waɗannan darare mutanen ƙauyukansu da yawa itace suke hurawa kamar mu.

Bambancin shi ne murhu. Nasu akwatin ƙarfe ne mai ƙofa, da bututu wanda ya bi ta rufin gida ya kai hayaƙi waje. Ɗumi ya zauna a ɗaki, guba ta fita. Itacen kuma sai ya shekara ɗaya ko biyu yana bushewa, domin ɗanyen itace hayaƙi yake bayarwa ba zafi ba. A Ingila tun daga Mayun 2021 doka ta hana sayar wa masu gidaje ɗanyen itace ƙulli-ƙulli. Sun kuma lura cewa a sanyin ƙarshe, da yake rana na da ɗumi, mutum kan so ya shaƙe wutar ta yi ta cin kanta a hankali har safe. Wannan shi ke tara baƙin kunkunniya mai danƙo a bututu, wanda kan kama da wuta wata rana. Saboda haka sun fi son ƙaramar wuta mai ci sosai, kuma ana share bututun kowace shekara.

Na san iyayenmu za su ce tun kaka da kakanni ake kwana da wuta, me ya same su? Gaskiya ne. Amma kakanninmu a ɗakin jinka suka kwana, da asabari a ƙofa, hayaƙi yana da hanyar fita ko'ina. Yanzu fa ɗakunanmu na siminti ne da silin, da ƙofar ƙarfe, da tagar gilashi. Mun sake ɗaki, ba mu sake kasko ba.

Wani kuma zai ce talaka ina ya ga kuɗin murhun Turawa? Ai maƙeranmu da ke sarrafa tsohuwar ganga su yi murhun girki da akwati, ba za su kasa yin akwatin wuta da bututu ba in aka nuna musu. Kafin a kai ga haka, akwai abin da ba ya cin ko kwabo. A hura gawayi a tsakar gida. In ɗaki ya yi ɗumi a fitar da kaskon kafin a kwanta. Kada a toshe taga muddin akwai wuta a ciki. Kada a yi saurin ajiye bargo, a kuma rage busasshen itace don sanyin ƙarshe. Wanda ya tashi da ciwon kai a ɗakin da aka kwana da wuta, a fitar da shi fili nan da nan, a kai shi asibiti.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai masu shigo da garwashi a gwangwani cikin ɗakin kwana bayan an kashe fitila, ku tuna ba ku kaɗai ke numfashi a wurin ba. Tsawar shugaban ɗaki ta fi sauƙi a kan a je a gaya wa iyayen wani mummunan labari. In kun koma gida hutu, ku leƙa ɗakin tsofaffi ku yi musu bayani cikin ladabi. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyashe mu, amin.