Fim ɗin da ya yi shekaru yana barci a gwangwani



A hutun da ya wuce, mu 'yan jami'ar da muka dawo gida Kabara mun zauna a dakali bayan sallar isha'i, ƙannenmu sun kewaye waya ɗaya suna gardama kan Labarina da Kwana Casa'in. Sai muka jefa musu tambaya: wa ya taɓa kallon fim ɗin Shehu Umar? Aka yi tsit. Can wata 'yar aji biyar ta ce, “Yaya, ai littafi ne ba fim ba, malamin Hausa ma ya karanta mana.” Ba mu yi mata dariya ba, domin mu ma sai da muka shiga jami'a muka san an taɓa yin fim ɗin.

Gaskiyarta ta ɓangare ɗaya. Littafi ne da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta tun yana malamin makaranta, a gasar da aka shirya a Zariya a 1933, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Amma a 1976, shekara goma bayan kashe marubucin, Adamu Halilu ya mayar da shi fim, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shehun. Da Hausa aka yi shi, mai launi ne, tsawonsa ya wuce awa biyu, kuma an nuna shi a bikin FESTAC na 1977 a Legas. Daga nan sai ya yi ɓatan dabo. Har masana suka riƙa lissafa shi cikin finafinan da suka salwanta.

A 2016 aka gano gwangwanayen da ke ɗauke da zaren fim ɗin a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Wata cibiya a Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, ta mayar da shi na kwamfuta, aka nuna shi a bikin finafinai na birnin Balin a 2018. Wato Jamusawa sun zauna a kujera sun kalli labarin da wani ɓangarensa a Kano ya faru, mu da muke kwana a cikin ganuwa ba mu kalla ba.

Ku tuna labarin. Ɗalibai ne suka tambayi malaminsu asalinsa, shi kuma ya fara ba su tarihi: yadda aka sace shi yana yaro, aka kawo shi Kano, wani Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi ya ƙetare hamada da shi, ya rene shi kamar ɗansa har ya zama malami. Amma a wurinmu uwar ita ce zuciyar labarin. Ta baro gida ita kaɗai neman ɗanta, ta iso Kano, aka yaudare ta aka sayar da ita baiwa, aka wuce da ita Murzuk. Sai bayan shekaru suka sadu, ba ta kuma daɗe ba ta rasu. A littafi za ka karanta wannan a shafi kaɗan ka wuce. A fim kuwa dole ka zauna ka dubi fuskar matar, ka ga rairayin da ta taka.

Mu 'yan Kabara abin ya fi taɓa mu. Sunan unguwarmu ma daga nesa ya zo, daga Kabara ta bakin kogin Neja kusa da Tambutu, inda Malam Umaru Kabara ya fito. Kasuwar Kurmi, inda ayarin raƙuma ke sauke kaya, tafiyar ƙafa ce daga ƙofar gidajenmu. Hanyar hamadar nan ta kawo mana littattafai da malamai, ita ce kuma ta fitar da bayi. Kashi na farko muna jin sa kullum a wa'azi da tarihi. Kashi na biyu ba a cika son tayar da shi ba, Shehu Umar kuwa bai kauce masa ba.

Washegari muka ce bari mu gwada sa'a. Muka je wurin masu tura finafinai a waya, shago uku muka shiga. Na farko ya ce bai taɓa ji ba. Na biyu ya tambaye mu wane jarumi ne a ciki, da muka ce Umaru Ladan sai ya ce ko sabon shiga ne. Na uku ya ce mu kawo waya ya zuba mana na Indiya mai fassara, ya fi daɗi. Ba laifinsu ba ne, abin da ake nema suke ajiyewa.

Wani kawunmu da ya ji muna zancen ya ce, “Ku 'ya'yan nan, a zamaninmu ai zuwa silima abin kunya ne ga ɗan birni, a ɓoye ake zuwa.” Ya tuna mana silimar Palace da aka buɗe a Jakara a 1951, wadda malamai suka yi ta suka, daga baya aka mayar da wurin asibiti. Wannan ma dalili ne. Finafinan farko don silima aka yi su, da silimomin suka mutu sai suka rasa wurin zama, kuma da yawa ba a juye su a kaset ba balle su shiga gidaje.

Shehu Umar ba shi kaɗai ba ne. Ɗan marubucin, Saddik Ɓalewa, ya yi Ƙasarmu Ce a 1991, kan ƙauyawan da wani mai kuɗi ke neman raba su da ƙasarsu. Duk wanda ya taɓa jin rigimar fili a gidansu zai gane labarin. Akwai Kulɓa Na Ɓarna, wasan Umaru Ɗanjuma Katsina, wato Kasagi, wanda Brendan Shehu ya mayar fim a farkon shekarun 1990. Labarin ɗaliba ce da wani Alhaji ya ruɗe ta da kuɗi. Idan akwai fim ɗin da ya dace a haska a ɗakin taron makarantar 'yan mata, to shi ne. A Nijar kuma, Umaru Ganda ne ya fara lashe babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, sannan Sarraounia na Med Hondo ya lashe ta a 1987. Wannan na biyun labarin Sarauniya Mangu ce ta Lugu, wadda ta tari sojojin Faransa a 1899. Abin takaici, ba da Hausa aka yi shi ba, a Burkina Faso ma aka ɗauke shi.

Kada ku ce muna raina na yanzu, mu ma muna bin su mako-mako. Kuma mu faɗa muku gaskiya, tsofaffin nan suna da nawa. Ba rawa, ba waƙar soyayya duk minti goma, mutum zai iya yin dogon gaisuwa kyamara tana jiransa. Wanda ya saba da bidiyon daƙiƙa talatin zai yi hamma da farko. Amma a cikin wannan nawar za ku ji Hausar da kakanninmu ke yi, ku ga yadda ake naɗa rawani da yadda ake zama gaban malami, ba tare da an yi wa abin kwalliya ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne na kusa. Shehu Umar ya tsira don zaren fim a gwangwani yana jure shekaru. Kaset ɗin bidiyo ba ya jurewa, zafi da laima da ƙura suna cinye shi. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a nan Kano a 1990, shi ake lissafawa farkon fim ɗin bidiyo na Hausa, kuma a kaset ya fito, kamar In Da So Da Ƙauna da Sangaya da ɗaruruwan da suka biyo baya. Da yawansu kwafin da ya rage yana ƙarƙashin gadon wata inna ko cikin kwalin wani tsohon mai shago.

To ga aikin hutu. Ku tambayi iyaye da yayye ko akwai tsofaffin kaset ko faifai a gida. In kun samu, kada ku buɗe su, kada ku bar su a rana, ku rubuta sunan fim ɗin da kamfanin da ke jikin kwalin, ku aiko mana ta hannun editan wannan shafi, za mu buga jerin. Masu ƙungiyar Hausa a makaranta kuma ku roƙi malaminku ya rubuta wa Hukumar Finafinai da ke Jos, ya tambayi yadda makaranta za ta samu a haska mata Shehu Umar. Mu dai a gidanmu mun riga mun zaƙulo kaset bakwai daga bayan sif ɗin kakarmu, biyu daga ciki sun yi fumfuna.