An Datse Wa Aku Harshe

Daga cikin bidi'o'in da suka shigo wa sha'anin karatu a zamanin nan, babu wadda ta tsaya mini a rai kamar 'yan ƙasidun nan na tambaya da amsa, waɗanda ake jerawa a teburan masu littattafai wajen Kasuwar Garki, ana sayar wa ɗalibi da sunan an ɗauke masa wahalar muɗala'a. A gabana wani magidanci, da ganin shigarsa ka san daga ofis ya fito, ya ɗaga Magana Jari Ce ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ce da mai tebur, "Malam, ba ka da ɗan gajeren nan? Yarinyar jarrabawa kawai za ta ci." Mai tebur ya zaro wata 'yar takarda mai bango ruwan ɗorawa, ya ce, "Ga shi, Alhaji, komai na ciki."

Wallahi babu komai a ciki sai sunaye. Shi littafin nan da Abubakar Imam ya tsara a Zariya, wanda ya soma fitowa a 1937 cikin mujalladi 3, in aka duba ginshiƙinsa, ai labarin tarbiyyar saurayi ne: Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ɗansa Musa yana ɗokin bin sawu, waziri maci amana ya ɗana masa tarko a waje, aku kuwa ya yi ta riƙe shi da hikaya bayan hikaya, dare bayan dare, har zafin kan ƙuruciya ya huce. Yaron da ya bi labaran nan ɗaya bayan ɗaya, shi ma an riƙe shi kamar yadda aka riƙe Musa, ya koyi jinkiri da tsinkaye bai sani ba. Ita ƙasida me ta ce? Wa ya hana Musa fita? Aku. Mene ne sunan ɗan aku? Fasih. Shi ke nan, a haddace, a zubar a takardar jarrabawa, a fito a manta, alhali masu buga ta ko ƙa'idar rubutu ba su kiyaye ba, ka ga ƙugiyar harafi ta ɓace, ƙasa ta koma kasa.

Kada wani ya ce mini ai magabata ma sun taƙaita. Haƙiƙa an karanta Muhtasar na Halil a zaurukan Kano da Katsina, amma gaban malami, jumla guda a wuni ana warware ta da sharhi, har almajiri ya gwammace dogon littafi. Waccan taƙaitawa ƙofar shiga ce, wannan kuwa an yi ta don kada a shiga.

Dukanmu mun san umarnin farko da ya sauko shi ne a yi karatu, mun kuma san ƙissar Annabi Yusufu, wadda aka kira mafi kyawun labari, ta bi yaro tun daga rijiya zuwa bauta zuwa kurkuku kafin ta kai shi ga mulki. Irin wannan tafiya Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ɗora Shaihu Umar a kai a 1934, yaron da aka sace, aka ƙetara Sahara da shi, mahaifiyarsa ta faɗa bauta garin nemansa. Ɗan shekara 15 da ya kai wurin haɗuwarsu da rasuwarta, ba zai dubi tasa uwar da idon jiya ba.

To, waɗanda aka raina da ƙasida su ne yau suke rubuta wa matasa labari a waya, ana bi ta WhatsApp ana biyan kuɗi, shi ya sa jarumin yake bayyana tun shafin farko da mota da gida a Maitama, babu abin da ya rage masa ya koya sai tsawa ga direba. Ba ina kushe adabin soyayya ɗungurungum ba ne. Balaraba Ramat Yakubu, a Wa Zai Auri Jahila?, ta ɗauki yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar, ta kai ta ga ilimi taki-taki, mai karatu yana girma tare da ita.

Uban nan ma ba shi kaɗai zan ɗora wa laifi ba, ko da yake na tabbata da Turanci yake gaisawa da 'yarsa da safe. Ina za ta je ta ari littafi, a birnin da aka soma ginin hedikwatar Laburaren Ƙasa tun 2006, aka bar shi shekara da shekaru ana kallo, alhali otal-otal suna tashi cikin watanni? Amma malamin Hausa da ke Garki ba ya bukatar kwangila kafin ya karɓe ƙasidar nan a bakin aji, ya buɗe littafin, ya sa yaro ya miƙe ya karanta da murya, sa'an nan ya tambaye shi dalilin da ya sa waziri ya ci amana.