Kujerar gefen alƙali: a faɗa mana ranar ɗiban ruwa

Wata Asabar bayan la'asar ina zaune a zaure ina sauraren rediyo, 'yar ƙanwata ta yi sallama ta shigo da koriyar jakar roba a hammata. Lauya ce sabuwa fil. Ta yi digirinta a Kano, ta yi Makarantar Lauyoyi a Bagauda, ta gama bautar ƙasa. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta zazzage jakar a kan tabarma: sakamakon jarrabawa, shaidar zama lauya, takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma, da hotuna takwas da aka ɗaure da kyauro.

Ta ce, "Kawu, so nake in zauna ƙarƙashin babban alƙali ko na shekara ɗaya ne, in riƙa yi masa bincike. Wata da muka gama tare ta samu irin wannan a wata kotu. Na tambaye ta inda ta ga sanarwa, sai ta yi dariya. Kawu, wa ka sani?"

Na yi shekara talatin da 'yan kai ina aikin magatakarda a kotuna kafin in yi ritaya in dawo Daura, saboda haka take zaton ina da lambar wani a aljihu. Tambayar tata ce ta hana ni barci, ita ce kuma ta sa na ɗauki biro. Yarinya ta yi shekara shida tana karanta doka, amma darasin farko da duniya ta koya mata bayan an ɗora mata hular lauyoyi shi ne ta nemi uwa a gindin murhu.

Kujerar da take nema na san ta tun kafin a ba ta sunan zamani. Alƙalin da na fara aiki a ƙarƙashinsa tsoho ne, ya fara ne da ɗaukar wa muhuti littattafai a zamanin En'e. Akwai wani matashin malami da ke zama a hagunsa a kan buzu. Na tuna wata shari'ar gadon gona da ta zo daga wani ƙauye a yankin Zango, 'yan uba da 'yan ɗaki suna ta jayayya tun hantsi. Da aka tashi, tsohon ya ce da matashin, "Ɗauko mini Tuhfa." Ya buɗe, ya miƙa masa, ya ce, "Me ka gani?" Yaron ya karanta, ya faɗi ra'ayinsa da ƙarfin hali. Tsohon ya yi shiru, ya ce, "Koma ka duba Muhtasar, ka dawo gobe." Washegari ya dawo kansa a sunkuye, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, jiya na yi gaggawa." Wannan matashi daga baya ya zama alƙali, kuma ban taɓa jin ya yanke hukunci ranar da ya saurari shari'a mai sarƙaƙiya ba. Babu ajin da ya koya masa haka. A kan buzun nan ya koya.

Aikin mai taimaka wa alƙali da bincike a manyan kotunan yau shi ne wancan, sai dai kayan sun ƙaru. Idan ƙara ta iso Kotun Ɗaukaka Ƙara, tana zuwa ne da kundi mai ɗaruruwan shafuka, da rubutattun hujjojin lauyoyin ɓangare biyu, kowa ya jero hukunce-hukuncen baya da yake cewa suna goyon bayansa. Dole wani ya zauna ya duba ko hukuncin da lauya ya ambata ya faɗi abin da ake cewa ya faɗa, ko kuwa Kotun Ƙoli ta riga ta rushe shi. Lokaci kuma ba ya jira. Sashe na 294 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kotu kwana 90 ta yanke hukunci bayan jawabin ƙarshe, sashe na 285 kuma ya ba ta kwana 60 kacal a kan ɗaukaka ƙarar zaɓe. Duk wanda ya bi shari'un zaɓen 2023 ya ga yadda aiki ya yi wa alƙalai katutu. Matashin da ya yi shekara guda a wannan ɗaki yana fita da abin da lauyan shekara goma yake nema: ya san yadda alƙali ke tunani idan an rufe ƙofa.

A Amurka sun daɗe da gane darajar wannan kujera. Wani alƙali mai suna Horace Gray ne ya fara ɗaukar haziƙin ɗalibin da ya gama karatun lauya a 1875, yana biyansa daga aljihunsa, ya kuma tafi da al'adar Kotun Ƙoli a 1882. Yau kotunan ɗaukaka ƙara na tarayyarsu guda 13 ne, da kujerun alƙalai 179, kuma galibin alƙalan nan kowa na ɗaukar matasa uku ko huɗu, yawanci na shekara ɗaya. Akwai shafin intanet guda, OSCAR, inda alƙalai ke sanar da gurabe. Mai nema yana tura sakamakon karatunsa, da wasiƙun malaman da suka koyar da shi, da samfurin rubutunsa na shari'a. Shida daga cikin alƙalai tara na Kotun Ƙolinsu a yau sun taɓa yin wannan aiki a kotun da suke zaune a cikinta. Ketanji Brown Jackson ta yi wa Stephen Breyer bincike a 1999, kuma kujerarsa ta gada a 2022.

Kada mai karatu ya ɗauka can babu son kai. Akwai. 'Yan jami'o'i ƙalilan irin su Harvard da Yale ne ke kwashe kaso mai tsoka, kuma wayar da babban farfesa zai buga wa alƙali ta fi wasiƙa goma nauyi. An sa lokaci guda a watan Yuni domin kowa ya nema tare, amma da yake ba tilas ba ne, wasu alƙalan suna riga kowa su tsince na gaba-gaba tun kafin ranar. Duk da haka, ɗalibin ƙaramar jami'a da ba shi da kowa ya san inda ƙofar take, ya san ranar buɗe ta, ya san abin da zai riƙo a hannu. Kuma ba sai an ƙetare teku ba. Kotun Tsarin Mulki ta Afirka ta Kudu tana sanar da irin waɗannan gurabe duk shekara, har 'yan wasu ƙasashe suna nema.

Mu ma muna da kujerar. Manyan alƙalanmu suna da mataimaka na bincike, har Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa da ke Abuja tana shirya musu bita. Abin da ya rage shi ne hanyar shiga ta zama sananniya kamar ranar kasuwa. Duk ɗan ƙasar Daura ya san Lahadi ce kasuwar Mai'adua, babu wanda ke buƙatar sanin wani kafin ya kai akuyarsa. Kai, ko macijin Kusugu da ya hana mutanen Daurama ruwa, labarin ya nuna ya bar musu Juma'a. Mugu ne, amma kowa ya san ranar ɗiba.

Doka ba ta hana a yi gyara ba, ita ce ma ta buƙaci a yi. Tsarin Mulki ya ba Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Tarayya ikon ɗaukar ma'aikatan kotunan tarayya, sashe na 14 kuma ya ce a yi rabon muƙamai yadda wani yanki ba zai mamaye ba. Binciken da kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya yi a 2023 kan cinikin guraben aiki a hukumomin tarayya ya nuna wa kowa abin da ke faruwa idan aka daina tallar aiki a fili. Ɓangaren shari'a shi ya fi cancanta ya zama abin koyi, domin shi ne inda sauran ke zuwa idan an zalunce su.

Shawarata mai sauƙi ce. A sa wata guda a shekara da za a sanar da guraben a jaridu da rediyo da shafin kotu. A yi jarrabawa ta rubutu: a ba kowa kundin wata tsohuwar shari'a, a cire sunansa a sa lamba, a ce ya taƙaita ta ya faɗi inda doka ta karkata. A yi ta a rassan Kotun Ɗaukaka Ƙara, Kano da Kaduna da Sakkwato da sauransu, domin kuɗin motar Abuja da masauki kaɗai ya isa ya kori ɗan talaka daga Baure ko Sandamu. A kuma sa wa'adi, shekara ɗaya ko biyu, wanda ya koya ya tashi wani ya zauna. Kujerar koyo idan ta zama ta dindindin, mutum ɗaya ta amfana.

Na san abin da wasu alƙalai za su ce, kuma suna da gaskiya a ciki. Wanda zai ga daftarin hukunci kafin a karanta shi a kotu, amana ce babba a hannunsa. Ɗan siyasar da kujerarsa ke rawa zai iya biyan ko nawa ne don ya ji ƙamshin hukunci da kwana biyu. Saboda haka alƙali ke son wanda ya san gidansu. Amma a shekarun da na yi a kotu, na ga ɗan babban gida ya sayar da sirrin fayil, na kuma ga masinja ɗan talakawa ya mayar da ambulan ɗin da aka cusa masa a aljihu. Sanin uba ba ya tabbatar da halin ɗa. Mafita ita ce jarrabawa ta tace, a miƙa wa kowane alƙali sunaye biyar ko shida, ya gana da su ya zaɓi wanda hankalinsa ya kwanta da shi. Zaɓi yana hannunsa, amma daga cikin waɗanda suka shigo ta ƙofar gaba.

Mu mutanen Daura mun fi kowa sanin ƙarshen dogaro da alfarma. Daga 2015 zuwa 2023 ɗanmu ne a fadar shugaban ƙasa. Mun samu Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, mun samu Jami'ar Sufuri, kuma a wancan lokaci duk wanda ya ce daga Daura yake, ana zaton aljihunsa cike yake da katin manya. Wasu sun samu, mafi yawa suna kallo. Mulki ya ƙare, a watan Yulin 2025 kuma muka kai Muhammadu Buhari makwancinsa, Allah ya jiƙansa. Motocin da ke cika gari ranar Sallah sun ragu. Yaran da suka gama karatu bana ba su da katin kowa. Alfarma tsani ce da ake jinginawa a ɗauke, wanda bai hau ba a lokacin sai ya tsaya yana kallon katanga. Tsari na fili shi ne matakalar da aka gina da siminti, tana nan ko wane ne ke mulki.

Kuma yaranmu ba da hannu biyu za su je ba. Tsarin Mulki ya ce dole a samu aƙalla alƙalai uku masana shari'ar Musulunci ta iyali a Kotun Ɗaukaka Ƙara, domin can ake kai ƙararraki daga Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jihohi: aure, saki, gado, wasiyya, waƙafi. Wa zai taya waɗannan alƙalai bincike in ba wanda zai iya buɗe Risala da Tuhfa ya karanta da Larabci, ya juya ya rubuta da Turancin kotu ba? Irin waɗannan yara muna da su. Wasu sun fara daga makarantar allo, suka bi ta Kwalejin Yusufu Bala Usman da ke nan Daura, suka wuce Zariya ko Kano ko Katsina suka haɗa dokar zamani da fiƙihu. Jiharmu ta Katsina kuma ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Mai Shari'a Mamman Nasir, Galadiman Katsina, ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992, shekara biyu kacal bayan kafa ta. Mai Shari'a Umaru Abdullahi, Walin Hausa, ya riƙe ta daga 1999 zuwa 2009. Mai Shari'a Muhammadu Bello ya yi Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1987 zuwa 1995. Wanda zai gaje su yana nan yau yana yawo da jakar roba.

Sai dai ba zan yi wa namu rufa-rufa ba. Idan aka buɗe ƙofar gobe aka ce a zauna a yi rubutu, da yawa za su sha kunya. Na ga takardun neman aiki na masu digiri da ba za ka iya kai ƙarshen sakin layi ɗaya ba tare da ka yi tuntuɓe ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son wannan kujera ya riƙa karanta hukunci guda cikakke duk mako, ya taƙaita shi a shafi biyu, ya kai wa wani tsohon lauya ya zane masa shi da jan biro. Manyan lauyoyinmu da alƙalanmu masu ritaya da ke zuwa gida hutun Sallar Gani, su ware yini guda su zauna da yaran nan. Wannan alfarma ce da ba ta tauye haƙƙin kowa.

'Yar ƙanwata kuwa, gaskiya ina da lamba ɗaya da zan iya bugawa. Na ɗauki wayar na ajiye ya fi sau uku. Daga ƙarshe na shiga ɗaki na ɗauko mata wani tsohon kundin hukunce-hukunce da ƙura ta rufe, na ce, "Zaɓi shari'a ɗaya, ki kawo mini taƙaitawarta ranar Asabar." Ta kalle ni kamar na yi mata rowa, ta karɓa ba ta ce komai ba. Ta kawo. Na mayar mata da shi ja-wur da gyara. Asabar ta biyu gyaran ya ragu da rabi. Yanzu muna ta tara, kuma makon jiya ita ta kama ni da kuskure.

Har yanzu ban tabbata na yi mata adalci ba, domin ƙawarta tana can tana karɓar albashi, ita tana nan tana zama a tabarmata. Na yi nawa, ita ma tana yin nata. Abin da muke roƙon masu riƙe da igiyar rijiyar, ranku ya daɗe, shi ne ku faɗa mana ranar ɗiba. Gugarta tana hannu.